Mamacin da Ya Halarci Gangami

Shagon Mai Hoto yana tsakanin kantin magani da rumfar mai gyaran agogo, taku goma sha biyu daga inda motocin haya ke juyawa. Faɗinsa taku biyar, tsawonsa takwas. Idan ka shiga, a hannun dama akwai tebur da kwamfuta da injin buga hoto, a hannun hagu benci mai ɗaukar mutum uku in ba masu jiki ba ne. Can ƙurya labule biyu ne: fari na hoton fasfo, da wani mai zanen lambu da gidan bene wanda shekaru suka cinye rabin launinsa. Shekara talatin da ɗaya ya yi a wannan ɗakin, yana buɗewa takwas saura kwata, yana rufewa ƙarfe shida.

A hannun kawunsa ya koyi aikin, tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu, ana gyara fuska da fensir da ɗan siririn buroshi. Abu biyu kawun ya bar masa. Na farko shi ne haƙurin bin inuwa, don a cewarsa duk hoton da aka gyara aka gane, inuwa ce ta tona shi. Na biyu littafin rajista. Kowane hoto yana da layinsa: lamba, rana, mai shi, sai gida na ƙarshe inda ake rubuta ɗayan biyu, ko “an taɓa” ko “ba a taɓa ba.” Kawun yakan ce wata rana mutum zai dawo bayan shekara goma yana rantsuwa shi haka yake a da, to ya kamata ka san ko shi ne ko fensirinka ne. Littattafan sun kai goma sha tara, suna jere a kan kanta bayan tebur, lambar hoto kuma ta haura dubu tamanin da huɗu.

Mafi yawan layukan “an taɓa” ne. Ya share ƙuraje, ya rage tumbi, ya mayar da furfura baƙa. Ya taɓa tsayar da wani magini a gaban motar da ko leƙa cikinta bai taɓa yi ba, don ya aika wa mahaifiyarsa hankalinta ya kwanta. Mai Hoto bai taɓa ganin laifi a wannan ba. A ganinsa kowa yana da damar ya ga kansa yadda yake fata, ko da a takarda ne.

Amma akwai hoto guda da mutanen unguwa suka fi saninsa da shi, wanda bai taɓa sa wa hannu ba. A wani zaɓe da daɗewa, an ƙirga ƙuri'u a makarantar firamare, aka liƙa takardar sakamako a bango, kafin gari ya waye wani ya yage ta. Rigima ta tashi har aka fasa wa mutum biyu kai. Sai aka tuna an ga Mai Hoto yana ɗaukar takardar, don kawai kamara na rataye a wuyansa. Ya buga, aka duba, kowa ya kama gabansa. Tun daga nan abin ya zama al'ada ba tare da kowa ya naɗa shi ba: da an liƙa takarda sai a dare masa hanya, ya ɗauka, ya buga guda uku, ɗaya ga wannan ɓangare, ɗaya ga wancan, ɗaya a gilashin shagonsa. Zaɓe bakwai aka yi a haka. Ko da wayoyi suka cika gari kowa ya zama mai ɗaukar hoto, in gardama ta yi zafi sai ka ji an ce, a je a duba na Mai Hoto. Ba ya faɗa, amma duk cikin aikinsa wannan ne abin da yake ji da shi.

A zaɓen kansila na bana mutum biyu ne ke takara. Ɗaya tsohuwar Hedimasta ce, wadda rabin unguwar suka bi ta hannunta. Takan zo taro da takardu, ta yi bayanin magudanan ruwa da lissafi dalla-dalla har na baya su fara gyangyaɗi. Ɗayan kuwa Mawaƙi ne, saurayin da waƙoƙinsa ke tashi a kowace motar haya. Shi ba ya dogon bayani. Zai ce fitilu a filin ƙwallo, ya ce kwalbati, sai a saki kiɗa, washegari bidiyon rawar ya cika wayoyi.

Mijin autar Mai Hoto yana cikin masu yaɗa wa Mawaƙi labarai a waya. Waya uku gare shi, kuma duk gidan da ya shiga, kafin ya gama gaisuwa idonsa na neman soket. Shi ya sa surukarsa, matar Mai Hoto, ta laƙaba masa Ɗan Caji, sunan kuma ya bi shi har wurin abokansa. Ba mugun yaro ba ne. Shekara biyu ke nan ba shi da tsayayyen aiki, ya kuwa ɗora duk fatansa a kan wannan zaɓe.

Ranar wata Asabar, saura mako biyu a yi zaɓe, Mawaƙi ya kira babban gangami a filin ƙwallo. Wanda ya sa ranar bai duba ba, ashe ta zo daidai da wani babban wasa da ake nunawa a talabijin. Mai Hoto ne aka ɗauka ya yi hotunan taron, kuma da yake ba ya iya ganin abu bai ƙirga ba, ya ƙirga: kujera ɗari huɗu, mutum ɗari da arba'in da uku, har da masu kiɗa.

Washegari da hantsi Ɗan Caji ya shigo shago, ya durƙusa ya gaida surukinsa, ya jona waya biyu, sannan ya fara kewaye-kewaye. Ya yabi hotunan. Ya ce hasken ya fita. Can ya sosa ƙeya.

“Baba, ɗan aiki ne na minti biyar. Kujerun nan ne suka yi yawa.”

“Kujerun ne suka yi yawa, ko mutanen ne suka yi kaɗan?”

“Ai Baba mutanen namu ne, ƙwallo ce ta riƙe su. Ba ƙarya za ka yi ba, gurbinsu kawai za ka cike musu.”

Mai Hoto ya so ya ce a'a, amma nauyin suruki ya danne masa harshe, ga kuma fuskar Auta da ta faɗo masa a rai. Ya tambayi kansa, mene ne bambancin kujerar da ba kowa da ƙurjin da ke kan hanci? Dukansu abu ne da ya ɓata hoto ranar da bai kamata ba. Ya ce wa yaron ya dawo da la'asar.

Daga nan gwaninta ta karɓi ragama. Ya san in ya kwafi mutanen da ke cikin hoton ya maimaita su, mai ido zai gane. Sai ya sauko da littafi na goma sha biyar, ya bi layi da yatsa har ya kai lamba dubu sittin da ɗaya da ɗari biyu da takwas: ranar da ƙungiyar unguwa ta ci kofi, shekara shida da suka wuce. Fili ɗaya, kusurwa ɗaya, kusan sa'a ɗaya ta yini, ga jama'a maƙil kowa hannu a sama. Inuwar wancan da ta wannan suka zauna kamar an auna. Awa huɗu ya yi a kai, yana bin gefen riga da gefen hula, yana daidaita haske a kan kafaɗu, yana goge tutar ƙungiyar ƙwallo. A duk awa huɗun nan inuwa ya yi ta kallo da gefe-gefe. Bai tsaya ya kalli fuskar kowa ba.

Da ya zo rubutawa a rajista, alƙalamin ya tsaya masa a gida na ƙarshe. Ya rubuta “an taɓa.” Ya dubi kalmar, ya ga ta yi wa aikin kaɗan, sai ya ƙara abin da bai taɓa ƙarawa ba a shekara talatin da ɗaya: “sosai.”

Kafin Litinin hoton ya zaga wayoyi. Kafin Talata an buga shi fosta an manna a bango.

Ranar Laraba, goma da kwata na safe, matar marigayi Direba ta yi sallama a ƙofar shago. Direba aminin Mai Hoto ne, ya girme shi da shekara biyar, har Mai Hoto yana ce masa Yaya. A kan wannan bencin suka yi ta musun ƙwallo da siyasa har ciwo ya kwantar da shi, yau shekara uku da wata biyu da rasuwarsa. Mai Hoto ya tashi da fara'a yana cewa yau matar Yaya ce da kanta, amma ba ta zauna ba. Ta ciro fosta daga jaka, a ninke gida huɗu, ta shimfiɗa a kan tebur ta danne da tafin hannu.

“Mai Hoto, yaushe yayanka ya dawo ba ka gaya mini ba?”

Ya bi yatsanta da kallo. Layi na biyu, na uku daga hagu. Hula a karkace, wushirya a waje, ɗan rediyonsa mai ɗaure da roba a ɗage sama. Direba ne, yana dariya har kunne, a ƙarƙashin hoton Mawaƙi. Direban da in waƙar yaron ta taso a motarsa sai ya kashe rediyo ya ce ciwon kai take sa shi.

Mai Hoto ya ɗago ya dube ta.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce shekara uku tana roƙon Allah ya nuna mata shi ko a mafarki, sai ga shi ta gan shi a bangon mai wanki yana yi wa sa'an ɗan cikinsa tafi. Ta ce jikarta ce ta fara gani, ta rugo gida tana cewa Kaka ya dawo, yanzu kuma ta rasa yadda za ta yi wa yarinya bayani.

“Mutumin nan bai taɓa fashin zaɓe ba, kuma bai taɓa bari wani ya zaɓa masa ba. Ni da nake matarsa ban san wa yake dangwala wa ba sai ya ga dama. Ka mayar da shi inda ka ɗauko shi.”

Ta bar masa fostar ta fita.

Kafin azahar labari ya gama unguwa, aka mayar da abin wasa. Mutane suka tsaya gaban fosta suna neman 'yan'uwansu. An gano wani da ya yi ƙaura shekara huɗu. An gano wata mata da tsohon ciki, alhali ɗan da ta haifa yana aji ɗaya. Mai gyaran agogo ya leƙo da gilashinsa a goshi ya ce, tunda maƙwabcinsa ya iya tada matattu, ya taimaka ya dawo masa da mahaifinsa na rabin awa, ya nuna musu inda ya ajiye takardar fili.

Dariyar ba ta dami Mai Hoto kamar abin da ya biyo bayanta ba. Ranar Alhamis wani dattijo da ke zuwa karanta jarida a kantin magani ya tsaya a ƙofa, bai shigo ba, ya tambaye shi a hankali ko hoton takardar zaɓen da ya wuce ma ya taɓa shi. Mai Hoto ya ce wallahi bai taɓa ba. Dattijon ya gyaɗa kai irin na wanda bai gamsu ba, ya ce to ai yanzu ba a sani ba. Mai kantin magani ya ɗora da cewa shi daga yau ba hoton da zai yarda da shi, ko na takarda ko na mutum, kowa ya riƙe abin da zuciyarsa ta ba shi.

Ɗan Caji ya zo da shawara biyu. Ko dai Baba ya yi shiru kwana uku, wani sabon abin zai taso ya rufe wannan. Ko kuma a ce 'yan Hedimasta ne suka cusa mamacin don su kunyata su, shi zai iya yaɗa wannan cikin awa ɗaya.

“Baba, zamanin nan ba wanda ya san gaskiya daga ƙarya. Wannan ma sauƙi ne a gare mu.”

Wannan maganar ce ta tsaya wa Mai Hoto a rai. Ya tuna mutum biyun da aka fasa wa kai a gaban bangon makaranta. Ranar nan takarda ɗaya aka yage. In aka wayi gari ba takardar da kowa ya yarda da ita, to duk wanda ya faɗi zai ce an cuce shi, duk wanda ya ci zai ce ƙarya ake masa, kuma ba inda za a je a duba. Wannan ɗan wurin dubawar shi ne gilashin shagonsa, shi ne kuma ya fasa shi da hannunsa don kujera ɗari biyu da hamsin da bakwai.

Da ya koma gida ya kasa cin abinci. Matarsa ta zuba masa ido, ta ce ita mamaki take, mutumin da ya taɓa barin abinci ya huce ya koma shago don ya manta bai rubuta lambar hoto ba, yau shi ne ake wa waƙa a titi.

“Baban Auta, me ka rubuta a littafin?”

“An taɓa sosai.”

“To ai ka riga ka faɗa. Saura mutane su ji.”

Ya ce Auta yake ji. In ya fito ya faɗi wanda ya sa shi, gidan 'yarsa zai girgiza. Ashe Auta na ɗakin mahaifiyarta tana jin su. Ta fito ta durƙusa gefe, ta ce mijinta nata ne, ita za ta ji da shi, Baba ya ji da shagonsa. Ta ce ta fi son ta yi kwana goma tana rarrashin miji da ta yi shekara goma ana nuna ta ana cewa ga 'yar mai tada matattu.

Safiyar Juma'a ya cire duk hotunan amare da na jarirai daga gilashi, ya jera guda uku. Na farko gangami yadda yake, da kujerunsa. Na biyu ranar cin kofi. Na uku wanda ya haɗa. A ƙarƙashinsu ya rubuta da babban alƙalami: “Ni na haɗa wannan da hannuna. Kuskure na yi. Ina neman gafarar iyalan marigayi da ta jama'a.” Bai ambaci surukinsa ba. Sannan ya fito da tebur ƙofar shago, ya ɗora littattafai goma sha tara, ya sa tsinken takarda a shafin kowane zaɓe, ya ce duk mai so ya duba.

Aka zo kuwa. Wasu don gulma, wasu don su ga idonsa. Dattijon jarida ya bi zaɓe bakwai ɗaya bayan ɗaya, ya ga “ba a taɓa ba” da tawada iri-iri ta shekaru daban-daban, ya rufe littafi ya tafi. Wasu kuma suka shiga neman layinsu. Mai gyaran agogo ya samo nasa na shekara tara baya, ya karanta da ƙarfi kafin ya farga: “An taɓa, sanƙo.” Ranar har mai kantin magani sai da ya riƙe ciki don dariya.

Ɗan Caji ya ɗauke ƙafa daga gidan surukansa. Mawaƙi kuwa ya yi bidiyo yana dariya, ya ce shi bai san da zancen ba, ƙuri'ar masu rai ma ta ishe shi, ya sa aka ciccire fostocin. Bidiyon ya fi duk na baya yawo. Mai Hoto ya kalla a wayar matarsa, ya rasa ko ya yi murna ko ya yi tsaki.

Ranar zaɓe ya kaɗa ƙuri'arsa a makarantar firamare da safe, ya dawo da yamma da kamara a wuya, bai san ko za a dare masa hanya ba. An gama ƙirga biyar saura minti ashirin. Mawaƙi ɗari da casa'in da shida, Hedimasta ɗari da tamanin da biyar, takwas sun lalace. Aka liƙa takarda, wayoyi suka yi sama. Da ya matso, wakilin Hedimasta, wani malamin lissafi mai tsawo, ya sha gabansa ya ce bana an gode, ba a bukatar hoton surukin wancan ɓangaren. Wakilin wancan ɓangaren kuwa Ɗan Caji ne, ya sunkuyar da kai yana latsa waya.

Mai Hoto ya fara mayar da murfin kamara. Sai ga muryar matar Direba daga inda take zaune a kan kujerar 'yan aji ɗaya. Tun rana take wurin, kowa kuma ya san Hedimasta ta zaɓa.

“Ku bar shi ya ɗauka. Amma kai dogo tsaya nan, kai mai wayoyi tsaya can, kowa ya ɗora yatsa a kan takardar. In ya gama ku bi shi shago ku ga fitowarta da idonku.”

Haka aka yi. Su biyun suka tsaya kamar masu hoton fasfo, ba mai kallon ɗan'uwansa. Suka bi shi har shago, suka tsaya a kansa ya buga guda uku, kowa ya sa hannu a gefen kowane hoto. Ya rubuta layin a rajista, ya juya musu littafin, nan ma suka sa hannu.

Da safe aka tashi da takarda biyu a wayoyi. Ɗaya irin ta bango. Ɗayar kuma Mawaƙi ɗari da talatin da shida, Hedimasta ɗari biyu da arba'in da biyar, jimilla ta fita daidai, hatimi da sa hannu duk suna nan. Ta bango kuwa an yage ta. Rumfar zaɓe shida ce a mazaɓar, tazarar duka ba ta kai ƙuri'a hamsin ba, saboda haka duk wanda ya ci wannan takarda ya ci kujerar kansila. Har yau ba a tabbatar da wanda ya ƙirƙiro ta biyun ba.

Magoya bayan Hedimasta suka harzuƙa. Hujjarsu ɗaya ce, kuma mai ƙarfi: waɗanda suka kawo mamaci gangami, canja lamba zai yi musu wuya? Wajen mutum sittin suka ɗunguma za su ofishin tattara sakamako, wasu da sanduna. Hanyar kuwa ta gaban shagon Mai Hoto ta bi, nan suka yi cirko-cirko a gaban gilashi inda hoton takardar jiya yake liƙe. Wani ya ce wannan ma haɗi ne. Malamin lissafi ya ce sa hannunsa ne, yatsansa ne, amma hayaniya ta danne shi, har wani ya ce an saye shi.

Mai Hoto yana tsaye a bakin ƙofa, sai jama'a suka dare. Hedimasta ce, da jakarta a hammata. Ta sa tabarau, ta karɓi hoton, ta duba shi kamar mai makin jarrabawa. Ta ce a ba ta littafin. Ta duba layin jiya, sannan ta koma baya shafi uku, ta tsaya a kan “an taɓa sosai,” ta daɗe a wurin. Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau.

“Wannan na jiya, an taɓa?”

“Ba a taɓa ba, Malama.”

Wani daga baya ya ce don me za a yarda da shi. Matar Direba ce ta amsa, ba ta ko juya ba. Ta ce ita ta fi kowa jin haushinsa a wurin nan, kuma ba ta so lambar ta fito haka ba. Amma mutumin da ya baje littafinsa a titi ranar da littafin ke zaginsa, ita yau za ta yarda da abin da ke ciki.

Hedimasta ta rufe littafin ta miƙa masa. Ta juya ga jama'arta da muryar da suka sani tun suna sa gajeren wando.

“An kayar da ni da ƙuri'a goma sha ɗaya a nan. Kowa ya ajiye sanda ya tafi gida. Duk mai takardar alkawuran yaron nan ya adana mini ita, zan riƙa binsa da ita wata-wata har wa'adinsa ya cika.”

Ba duka suka gamsu ba. Akwai waɗanda har gobe suna cewa an yi maguɗi. Amma ba a fasa kan kowa ba, kafin sha ɗaya titi ya koma na motocin haya.

Bayan kwana huɗu Ɗan Caji ya yi sallama, ya durƙusa ya daɗe bai tashi ba, bai ma nemi soket ba sai da Mai Hoto ya nuna masa da haɓa. Can yaron ya ce ashe ko ba cikon hoton nan za su ci zaɓen. Mai Hoto ya ce wannan ne abin da ba za su taɓa sani ba, don ba wanda ya ƙirga mutum nawa hoton ya jawo, nawa ya kora. Yaron ya ɗauki tsintsiya ya share gaban shagon, abin da bai taɓa yi ba.

Mai Hoto bai daina share ƙuraje ba, har yanzu yana rage tumbi ga mai so. Abin da ya daina shi ne sa mutum inda bai je ba, ya kuma rubuta haka ya manna a saman tebur. Littafin da ake ciki yanzu ba ya komawa kanta, yana kan benci inda kowa zai iya buɗawa.

Matar Direba ta dawo ranar wata Litinin, ta zauna a wannan karon. Ta ce tana son ya ciro mata mijinta daga hoton ranar kofi, shi kaɗai, babba, don a duk hotunansa na gida ya ɗaure fuska kamar mai zuwa kotu, nan ne kawai yake dariya. Mai Hoto ya buɗo shi a kwamfuta, suka zuba masa ido su biyu. Hannunsa ya kai kan linzamin kwamfutar don sabo. Ya ce akwai tabon gumi a bakin hular, ga robar rediyon nan ma, in tana so minti biyu ne.

“Kul. Haka na san shi.”

Ya buga mata, ya sa a ambulan, ya jawo littafi ya rubuta lamba da rana. A gida na ƙarshe ya rubuta “ba a taɓa ba,” ya jira tawadar ta bushe kafin ya juya shafi.